Ina Gurbin Sallar 'Ya'yanmu A Makarantar Gwamnati?



Wata ranar Talata ce, wajen ƙarfe huɗu saura kwata, na gama shiri ke nan zan wuce Islamiyya, sai ga Ummi ta shigo a gajiye. Ta ajiye jaka a bakin ƙofa, ta ɗauki buta ta yi alwala cikin gaggawa, ta tayar da sallah. Ta yi raka'a huɗu ta sallame, ko addu'a ba ta tsaya yi ba ta sake miƙewa ta kawo wasu huɗun. A daidai lokacin ladanin unguwarmu yana kiran la'asar. Na tsaya da jakata a hannu ina kallonta har ta idar, sannan na ce, "Ummi, wace sallah kika yi da farko?" Ta ce azahar. Na ce me ya same ki yau? Ta dube ni da mamaki ta ce, "Umma, ai kullum haka nake yi."

Kullum! Tun farkon zangon karatu ke nan, kusan wata uku. Ni da nake zaunar da 'ya'yan mutane ina karanta musu Ahalari, ina bambance musu lokacin sallah na zaɓi da na lalura, ashe 'yar cikina azahar ɗinta ta koma bin bayan la'asar ban sani ba. Yawanci kafin ta dawo na riga na fita, shi ya sa abin ya ɓuya mini. Ranar dai da ƙyar na iya ba da darasi.

Da daddare na zaunar da ita ta warware mini komai. Makarantarsu ta gwamnati ce, ta 'yan mata, ta jeka-ka-dawo. Ana tashi ƙarfe biyu da rabi, sai a tsaya shara, sai jiran adaidaita sahu, sai cunkoson hanya. Famfon makarantar ya daɗe da lalacewa. Banɗakin kuwa ta ce ko kusa da shi ba a iya zuwa. Akwai ɗan masallaci a gefen ofis, amma na malamai maza ne, da su da masu gadi. Na ce to ba a addu'a ne a makarantar taku? Ta ce ana yi mana, kowace safiya a wurin taro ana karanta Fatiha da salatin Annabi (SAW) da doguwar addu'a ta lasifika, duk wadda ba ta ɗaga hannu ba ma a rubuta sunanta.

Kun ji fa. Addu'ar safe wadda ba farilla ba tana da lasifika da mai rubuta suna, sallar farilla kuwa ko buta ɗaya ba a tanadar mata ba.

Abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne in je makarantar nan da sassafe in tayar da ƙura. In ce lallai a sa ƙararrawar sallah, a buɗe rajista, a ba wani malami bulala ya tsaya a bakin ƙofa, duk yarinyar da ba ta yi sallah ba ta ɗanɗana kuɗarta. Har na fara tsara maganar da zan faɗa. Abban Ummi ya ce in bari in huce tukuna. Amma gaskiya ba maganarsa ce ta sanyaya mini jiki ba. Wata mata ce ta faɗo mini a rai, wadda rabona da ita tun shekarar 2011.

A shekarar ina ajin ƙarshe a kwalejin ilimi, aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata ƙaramar sakandaren gwamnati da ke kusa da barikin 'yan sanda. Darasin addinin Musulunci aka ba ni. Ajin ya haura yara sittin, bakwai daga cikinsu Kiristoci ne, 'ya'yan bariki. Malamin da ke koya musu nasu darasin addinin an yi masa canjin wurin aiki, ba a kawo wani ba. Don haka duk lokacin da na shiga aji sai su fita su zauna a gindin dogonyaro har in gama, in rana ce ta dake su, in iska ce ta bule su da ƙura. Ban taɓa ganin wannan a matsayin matsala ba, sai dai surutunsu da ke damuna.

Ranar da malamin da zai ba ni maki zai zo daga kwaleji, sai na ga bai dace ya tarar da yara a waje suna hayaniya ba. Na ce kowa ya zauna a aji. Muna bitar wata gajeriyar sura, ina faɗa suna maimaitawa, sai na ce kowa ya buɗe baki, ba na son in ga leɓen da ba ya motsi. Shida suka riƙa motsa baki don tsoro. Ɗaya, Rifkatu, ta sunkuyar da kai ta yi gum. Na yi magana sau biyu ba ta tanka ba, na sa ta durƙusa a gaban allo har aka kaɗa ƙararrawa. Na samu maki mai kyau a ranar, na koma gida ina murna.

Washegari mahaifiyarta ta zo. Na ɗauka da faɗa ta zo, har na gyara tsayuwa. Sai ta gaishe ni da kyakkyawar Hausa, ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya mutanen gida. Sannan ta sassauta murya ta ce, "Malama, ke ma in Allah Ya yarda za ki yi aure ki haihu. A ce an yi wa maigidanki canjin aiki zuwa garinmu, aka tsayar da 'yarki a aji aka ce ko ta yi waƙar coci ko ta durƙusa, yaya za ki ji?" Na ce mata ai Alƙur'ani ne, ba abin da zai cutar da yarinya. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "A wurinki ke nan, Malama." Ta yi mini sai an jima ta tafi.

Da na kai ƙara wurin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ina jiran ya goya mini baya, sai ya tambaye ni ko na manta da aya ta 256 cikin Suratul Baƙara, wadda ta hana tilasta wa mutum shiga addini. Ya ce karatun da aka ƙwato daga bakin yarinya da barazana, ladan wa ke nan? Ke ba ki samu ba, ita ba ta samu ba, abin da kawai kika koya mata shi ne Alƙur'ani abin azabtarwa ne. Kunya ta hana ni neman matar nan in ba ta haƙuri, har na gama wa'adina na bar makarantar.

Sai daga baya na gane cewa ba a addini kaɗai na yi kuskure ba, har dokar ƙasa na taka. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 10, ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi, shi kaɗai ko cikin jama'a. Ƙaramin sashe na 2 na wannan sashen ya yi magana ne a kan makaranta kai tsaye, inda ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko halartar wata ibada ta addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba.

To ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani, 'yar'uwa. Wannan sashe na 38 da ya kare Rifkatu daga irina, shi ne dai ya tsaya wa 'ya'yanmu a Legas. Gwamnatin jihar ta hana ɗalibai Musulmi sa hijabi a makarantunta, iyaye da ƙungiyar ɗalibai Musulmi suka kai ƙara. A 2014 babbar kotun jihar ta ba gwamnati gaskiya. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukuncin, sannan ranar 17 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa yaran da 'yancinsu na sa hijabi, alƙalai biyar suka rinjayi biyu. Mun yi murna, kuma abin murna ne. A Kwara ma, cikin 2021, sai da gwamnati ta rufe makarantu goma a Ilori na ɗan lokaci saboda rikicin hijabi. Duk sanda irin wannan labari ya zo mana daga kudu, jininmu yakan tafasa, mu ce an zalunci yaranmu don ba su da rinjaye a can. Amma laifi tudu ne, mukan taka namu mu hango na wani. Ba mu cika tambayar halin da 'yan tsirarun da ke zaune a gindin dogonyaron makarantunmu suke ciki ba. Inuwa ɗaya ce muke fakewa a cikinta da su. In muka sare ta a nan, a can ma rana za ta doki namu.

Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba. Sau da yawa nakan ji ana cewa a wurin wa'azi wai a Amurka an haramta addu'a a makaranta. Da na bi diddigin maganar sai na tarar ba haka take kai tsaye ba. Hukumar ilimi ta jihar New York ce ta rubuta wata gajeriyar addu'a ta ce a riƙa karantawa kowace safiya, wasu iyaye suka ƙi yarda, a 1962 kotun ƙolin ƙasar ta ce ba aikin gwamnati ba ne ta tsara wa yara addu'a. A 1963 ta hana makarantun gwamnati sa yara karatun Baibul a matsayin ibadar safe. Yaro kuwa in shi ya ga damar yin addu'arsa ko sallarsa a lokacin hutu, ba a hana shi ba. Ingila ta bi wata hanyar daban, domin tun dokar ilimi ta 1944 aka wajabta ibadar haɗin gwiwa kullum a makarantun gwamnati, amma iyaye suna da ikon cire ɗansu daga ciki.

Faransa ce ta kai abin maƙura. A 2004 ta kafa dokar da ta hana ɗalibai sa duk wata fitacciyar alamar addini a makarantun gwamnati, hijabi ne ko babban gicciye ko hular Yahudawa, a 2023 kuma aka ƙara da abaya. Wani abin da ya ba ni dariya shi ne, lokacin da suka fitar da addini daga makarantunsu na firamare a 1882, sai suka ware rana guda a mako, Alhamis, don iyaye su kai yara karatun addini a waje. Mu Alhamis ce ranar hutun allo, su kuma a lokacin ita ce ranar karatun addini.

Tsarin Faransa ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma ba zan ɓoye ba. Imanin yarinya ba takalmi ba ne da za ta cire a bakin ƙofar makaranta ta sa in an tashi. Awa shida zuwa bakwai 'ya'yanmu suke yi a can kullum, lokacin sallah guda yana shiga a ciki, kuma an umarce mu da mu hore su da sallah tun suna shekara 7, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito. Bugu da ƙari, mu mun san tarihinmu da boko. Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin Kano a 1909, babban abin da ya sa kakanninmu suka riƙa ɓoye 'ya'yansu shi ne tsoron kada a raba su da addini. Ko da aka zo da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, mahaifiyata ta ba ni labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu in masu rubuta suna sun shigo ƙauyensu. Da ƙyar aka samu wannan tsoron ya ragu. Duk ranar da uba ya tabbata cewa makarantar gwamnati tana cinye sallar 'yarsa, ba zai kai ƙara kotu ba, cire ta zai yi. Kuma mun san wa ake fara cirewa tsakanin mace da namiji.

Saboda haka ni a wurina addini yana da gurbi a makarantar gwamnati, gurbi babba. Sai dai haƙƙin yaro ne da makaranta za ta ba shi hanya ya sauke, ba sandar da makaranta za ta riƙe tana dukan kowa da ita ba. Abin da ke kan makaranta shi ne ruwa, da wuri mai tsarki, da ɗan lokaci, da malamin addini ga kowane yaro gwargwadon addinin gidansu. Niyya kuwa ba a rubuta ta a rajista.

Da wannan tunanin na tafi taron iyaye da malamai. Na gabatar da kukana, kuma alhamdu lillahi iyaye da yawa suka ce su ma abin yana damunsu. Nan take wani dattijo, Alhaji ne mai faɗa a ji a unguwar, ya miƙe ya kawo shawarar da ni kaina na kwana da ita a farko: ƙararrawa, rajista, bulala. Wuri ya ɗauki kabbara. Na ɗaga hannu gabana yana faɗuwa, na ce, "Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya, makarantar nan ta 'yan mata ce, kuma mata suna da uzurin da shari'a ta ɗauke musu sallah a cikinsa. Wa zai tsaya a bakin ƙofa yana tantance mai uzuri?" Wurin ya yi tsit. Wasu mazan suka sunkuyar da kai, wata mata a bayana ta ja mini gefen hijabi wai na cika baki.

Ban iya faɗin sauran a gaban maza ba, amma ku zan faɗa muku. Wata ɗalibata a Islamiyya, budurwa mai hankali, ta taɓa tsayawa bayan an tashi tana kuka. Ta ce a makarantar kwanan da ta yi ana kiran suna a kowace sallah, wadda ta ce tana fashin sallah sai manyan ɗalibai su yi mata dariya, wani lokaci ma su ce ƙarya take sai an duba. Don gudun wannan tozarcin ta shekara uku tana bin sahu tana ruku'u da sujada alhali tana cikin jinin al'ada. Tambayarta ita ce ko Allah zai yafe mata. Ku duba fa, mai haila an ɗauke mata sallah, ba a ma ce ta rama ba. Sauƙin da Ubangiji Ya yi mata, rajistar makaranta ta ƙwace shi, ta koya mata yin ibada don idon mutane. Wannan yarinyar nake gani duk sanda aka ce a sa bulala.

Bayan doguwar muhawara shugabar makarantar ta yarda a ba da minti ashirin daga ƙarfe ɗaya da rabi, ba rajista, ba duka. Malamai mata biyu suka ɗauki nauyin tunatarwa da baki. Mu iyaye mata muka yi karo-karo muka sayi tankin ruwa da butoci da tabarmi, aka share wani ajin da rufinsa bai yoyo aka ware shi, muka yi ciniki da ɗan garuwa ya riƙa cika tankin. Banɗakin ma an samu mai gyara ɗaya daga cikin huɗun.

Inda aka sha daga shi ne da na ce 'yan matan Kirista, waɗanda ba su kai ashirin ba a duk makarantar, su ma a ba su ɗaki a wannan lokacin su yi addu'arsu in suna so, kuma a daina rubuta sunansu in ba su ɗaga hannu ba a taron safe. Wata Hajiya ta ce, "Haba Malama, ke da muke kai wa 'ya'yanmu karatu, ke ce da wannan magana? A garinmu?" Na ce Hajiya ki yi haƙuri, makarantar ta gwamnati ce, da harajin iyayensu da namu aka gina ta. Ba ta gamsu ba, har yau gaisuwarmu sama-sama ce, kuma ta cire ƙaramar 'yarta daga ajina ta mayar da ita ajin wata malamar. Shugabar ta ba yaran barandar ɗakin karatu. Batun rubuta suna a taron safe kuwa an ce sai zama na gaba, an yi zama biyu ba a tayar da shi ba.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Ruwan tankin yakan ƙare tun ranar Laraba in zafi ya yi yawa, butoci shida sun yi ƙafa, kuma Ummi ta ce wasu yaran hira kawai suke zuwa yi a kan tabarmin. Ita dai yanzu da gorar ruwanta take tafiya a jaka saboda ko-ta-kwana. Makon jiya ta zo mini da wata magana, wai ƙawarta kwana huɗu ba ta shiga sallah ba, ko ta faɗa wa malama? Na ce a'a. Na ce in kin ga tana cikin damuwa ki tambaye ta a ɓoye ko tana buƙatar wani abu, in ba haka ba ki bar ta. Na ɗauko audugar mata guda biyu na sa mata a aljihun jakarta na ciki, na yi mata bayanin da ya kamata a ce na yi mata tun bara.

Cikin hutun da ya wuce na bi ta barikin nan na tambayi Maman Rifkatu. Wata mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ta ce ta san ta sarai, amma an yi wa mijinta canji shekaru da dama da suka wuce, ba ta san garin da aka kai su ba. Na bar mata lambar wayata ko da wani daga cikin tsofaffin maƙwabtansu zai zo wucewa.